Ba tausayi ke sa tsuntsuwa ciyar da ɗan wata ba

In aka ga ƙaramar tsuntsuwa tana ɗura wa ƙaton ɗan da ya ninka ta girma abinci sai kaji ana cewa ai maraya ta tsinta ta riƙe. Ba haka bane wallahi, yaudararta akayi. Akwai tsuntsaye kusan kala 100 da basa renon 'ya'yansu sam, irinsu wanda Turawa ke kira kuku, uwar sai ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar wata ta gudu. Ɗan kukun yana ƙyanƙyashewa, ko ido bai buɗe ba, zai dinga ture sauran ƙwayayen da bayansa har su faɗo ƙasa, abin tausayi. Ita kuma mai sheƙar duk bakin da ya wangame a sheƙarta yana kuka shi take bawa, bata tantance na waye.