Binciken kimiyya a hutun saifi (dogon hutun lokacin zafi): amsar tambayoyin da ƙannenmu ke ta turo min

Tun da aka ji na yi sati goma a wani ɗakin binciken kemistiri a Turai lokacin ina aji uku, wayata ba ta huta ba, yara daga Jidda, Makka har da Madina, wasu ma iyayensu ne ke tare ni bayan sallar isha'i a ce don Allah ka nuna wa ƙaninka hanya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tattara su in amsa gaba ɗaya kowa ya huta.

Yaya, wai wannan binciken ba shi ne tadribin saifi da jami'a ke tura mu ba?

A'a. Tadribi sau da yawa kamfani ake tura ka, ka zauna ka kalli yadda ake aiki, a sa maka hannu a takarda ka dawo. Wannan kuwa farfesa ne zai ɗauke ka cikin ayarinsa na sati takwas zuwa sha biyu ko fiye, a yanko maka ɗan ƙaramin yanki na tambayar da su kansu ba su san amsarta ba, a haɗa ka da wani ɗalibin digiri na uku ya riƙa duba ka, a ƙarshe ka tsaya gaban mutane ka faɗi abin da ka samo. Ko abin da ka kasa samowa, don hakan ma yana faruwa sosai. Ni sati biyun farko ban yi komai ba sai wanke kwalabe da koyon awo, na haɗa wani ruwa sau huɗu yana fitowa ruwan ƙasa maimakon fari, ashe ban busar da kwalbar da kyau ba ne.

To ina ake samun su?

Mafi kusa da mu ita ce KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke garin Suwal a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009. Ba ta yin digirin farko, daga mastas ne zuwa sama, amma tana da shirin da ake kira VSRP na ɗalibai masu ziyara, ana ɗaukar 'yan aji uku da huɗu da masu mastas na wata uku zuwa shida, kuma ayyukan da farfesoshi ke neman mutum a kansu suna nan a jere, kai za ka zaɓa. Akwai masu binciken murjanin teku, masu tace ruwan gishiri, masu hasken rana, ga babbar kwamfutar nan tasu Shaheen. Abin mamaki da yawanmu mun sha wucewa ta wajen a hanyar Madina ba mu taɓa tunanin akwai ƙofar da ɗan aji uku zai ƙwanƙwasa ba.

A waje kuma, in kana fiziks, lissafi, kwamfuta ko injiniyanci, akwai CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, a Janiba, kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda ramin gwaje-gwajensu mai kewayen kilomita 27 yake. Shirinsu na ɗaliban saifi sati takwas zuwa sha uku ne, suna karɓar 'yan ƙasashen da ba membobinsu ba, sai dai sai ka gama shekara uku a jami'a kafin lokacin. Jami'ar ETH a Zurik tana da na 'yan kwamfuta, Yuli da Agusta. EPFL a Luzan tana da na kimiyyar halittu. OIST a Okinawa ta Japan tana karɓar takardu sau biyu a shekara. Caltech a Amurka tana da SURF tun 1979, sati goma, amma can kai ne za ka fara nemo farfesan da ya yarda da kai sannan ka rubuta tsarin aikin.

Ni a Makka aka haife ni amma fasfon Najeriya gare ni, da iƙama, wato takardar izinin zama, nake zaune. Zan iya?

Nan ne ya kamata ka fara dubawa kafin komai, tun kafin ka fara mafarki. Wasu shirye-shiryen ƙasar fasfonka suke kallo, wasu ƙasar da jami'arka take, ba abu ɗaya ba ne. Misali wanda ake kira REU a Amurka, in ka bincika shi zai fara fito maka da yawa har ka rikice, amma kuɗin gwamnatinsu ne, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, kar ka ɓata darenka a kai. RISE na Jamus kuma ɗaliban da ke karatu a Amurka, Kanada, Birtaniya da Ayalan yake ɗauka. A nan gida ma akwai waɗanda na 'yan Saudiyya ne zalla, to 'yan uwanmu masu jinsiyya su ɗauka, sauran mu nemi masu buɗaɗɗiyar ƙofa. Karanta sharuɗɗan na shekarar da kake ciki da idonka, kar ka dogara da abin da wani ya ce, har ni ɗin nan.

Sannan in an ɗauke ka waje, duba abu uku tun da wuri: fasfo kar ya kusa mutuwa, don bizar Shengen ta shiga yawancin ƙasashen Turai tana son ya rage aƙalla wata uku bayan ranar fitowarka daga can, iƙama kar ta ƙare kana can, kuma huruj wa auda ɗinka, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ya rufe dukkan kwanakin har da ɗan ƙari.

Yaushe zan fara?

Lokacin sanyi. Wannan shi ne abin da ke kayar da mu fiye da komai, sai an shiga Mayu zafi ya fara dukan mutum sannan ya tuna da hutu, alhali ETH ta rufe tun Disamba, CERN wajen ƙarshen Janairu, Caltech a Fabrairu. Ka ɗauka daga Oktoba aikin ya fara.

Mu'addal ɗina, wato matsakaicin makina, bai kai sosai ba, in haƙura?

Ya danganta. KAUST tana neman 3.5 cikin 4, wanda in ka yi lissafi kai tsaye kusan 4.4 ne cikin 5 ga masu irin tsarin Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Wasu ba sa sa iyaka ƙarara. Shawarata kar ka juya makin da kanka, rubuta shi yadda yake a sijillinka, wato takardar sakamakon jarrabawarka, ka nuna cikin nawa ne, kuma ka ciro sijillin na Turanci mai hatimi tun yanzu. In aji ɗaya ne ya ja ka ƙasa, lokacin da mutum ke fama da sabon wuri, amma darussan fanninka sun yi kyau daga baya, faɗi haka a layi ɗaya ka wuce, ba sai ka yi ta ba da haƙuri ba.

Ban taɓa yin bincike ba, me zan rubuta a wasiƙar?

Yawwa, wannan ita ce tambayar. Kusan duk wasiƙar da aka turo min in duba, farkonta ɗaya ne, wai tun ina yaro nake son kimiyya, jami'arku ta shahara a duniya, ina so in taimaki al'umma. Wallahi mai karantawa ya ga irin wannan har ya gaji, kuma bai gaya masa komai a kanka ba. Su ba gwani suke nema ba, sun san ɗan aji uku ne kai, so suke su ga ka taɓa kama wani abu da hannunka ka yi naci a kansa.

Wata ƙanwarmu 'yar kwamfuta ta ce min ita ba ta da komai, da muka ɗan zauna muna hira sai ga shi ta taɓa rubuta ƙaramar manhaja tana lissafa wa mahaifiyarta cinikin abincin da take sayarwa lokacin umarar azumi, har ta gano ranakun da ake asarar shinkafa. Na ce ke, wannan ai shi ne wasiƙar! Me kika so ki sani, ya kika tattara lambobin, ina ya lalace, ya kika gyara. Haka ma rahoton lab ɗin da sakamakonsa ya ƙi fitowa ka koma ka gano dalili, ko furojet ɗin aji da ka ci gaba da shi bayan an ba da maki. Daga nan sai ka haɗa shi da aikin da ka zaɓa a wajensu, ka ambaci takardar binciken farfesan guda ɗaya da ka karanta da gaske da abin da ya ɗaure maka kai a ciki. Shafi ɗaya ya isa. CV ma shafi ɗaya, kuma in kana jin Hausa da Larabci da Turanci ka rubuta, ba abin ɓoyewa ba ne.

In ma da gaske ba ka da komai, to je wajen wani duktur, wato malami, a sashenku wannan zangon ka ce ya ba ka ko wankin kwalabe ne a lab ɗinsa, awa huɗu a sati. Kafin Janairu ka samu abin faɗa, ka kuma samu mai yi maka tazkiyya, wato wasiƙar shaida a kanka.

Ita tazkiyyar, wa zan nema?

Wanda ya san ka, ba wanda ya fi girman muƙami ba. Mu nan mun saba da tazkiyya irin ta neman gurbin karatun addini, malam ya rubuta yaron kirki ne mai kyawun hali, shikenan. Ta kimiyya daban ce, so ake a ce na koyar da shi kaza, ya yi kaza a gabana, ya fi yawancin 'yan ajinsu a kaza. Yawanci biyu ake nema kuma malamin ne zai tura da kansa ta hanyar da za a aiko masa a imel, ba kai za ka riƙe ba.

Shekarar farko da na nema a nan na faɗi. Na je wajen wani babban duktur saura kwana biyar, ya ce abshir, in sha Allahu, na tafi hankali kwance, ranar rufewa ƙarfe goma na dare ina zaune a bakin gado ina ta sabunta shafin, wajen sunansa bai canza launi ba har aka rufe. Ban ma ga laifinsa sosai ba, lokacin jarrabawa ne kuma da ƙyar ya san fuskata. Shekara ta biyu na ba da wata guda cur, na kai CV da wasiƙata da ranar rufewa a rubuce, na riƙa leƙawa ofis ina gaisuwa duk sati.

Ya halatta in tura wa farfesa imel kai tsaye?

Ƙwarai, a wasu wuraren ma dole ne. Layi shida ko bakwai: wane ne kai, me ka karanta nasa, me ka iya, wane wata kake da sarari. Ka rage doguwar gaisuwarmu, ban ce ka zama mara ladabi ba amma ba ya buƙatar ya gida ya iyali. In shiru bayan sati biyu ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sai ka wuce na gaba.

Kuɗi fa? Ni da aikin hajji nake tara na makaranta.

Masu kyau su ke biyan ka. KAUST tana ba da dala 1,000 a wata, riyal 3,750 ke nan, ga masauki. CERN wajen faran 90 na Suwizalan a rana, sai dai Janiba tsada gare ta, in ba ka dafa da kanka ba za su zube. Duk wanda ya ce ka biya dubbai don a ba ka gurbin bincike da satifiket, yawon buɗe ido yake sayar maka. Ka dai tanadi ɗan abin da za ka riƙe na satin farko da na biza, don wani wajen sai ka isa ake mayar maka. Batun hajji kuma, yanzu lokacinsa yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, ya fara fita daga tsakiyar hutun, to mai yiwuwa ka yi aikinka ka kuma tafi.

Yaya ni mace ce, Baba ba zai bari ba.

Kar ki jira sai an ɗauke ki sannan ki kai maganar, nan ake samun a'a mai zafi. Tun kina cike fom ki zaunar da su, ki nuna musu masaukin, wa za ki yi aiki a ƙarƙashinsa, nawa ake biya, ranar tafiya da ta dawowa. Ki fara da na kusa, Suwal tafiyar awa ɗaya ce daga Jidda, Baba zai iya kai ki da kansa ya ga wurin da masallacin da idonsa. In kin yi wannan kin dawo lafiya, zancen na nesa zai fi sauƙin shiga kunne.

Guda nawa zan nema, kuma in duk suka ƙi ni fa?

Biyar zuwa takwas waɗanda ka cika sharaɗinsu da gaske, kowanne da wasiƙarsa, kar ka manta ka canza sunan jami'ar, an sha yin wannan abin kunyar. Ni shida na nema a karo na biyu, huɗu suka ce a'a, ɗaya ko amsa ba su yi ba har yau. In duk suka ƙi, ka koma wajen duktur ɗin nan na sashenku ka ce masa hutun nan gaba ɗaya kana hannunsa, ka sayi littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka yi da kwanan wata, Oktoba na zuwa ka buɗe shi ka fara sabuwar wasiƙa.