Kafa ƙaramar ikilisiya a ƙauyukan Maraɗi: tambayoyi da amsoshi

Matasan da suka gama makarantar Littafi Mai Tsarki, da dattawan ikilisiyoyin birni masu son aika mai bishara ƙauye, sukan maimaita wasu tambayoyi. Ga amsoshina a kansu.

Yaushe aikin bishara ya fara a ƙasar Maraɗi?

Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission, ƙungiyar masu bishara daga ƙasashen waje), wanda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893, ya shigo Nijar ta Damagaram a 1924. Bayan 'yan shekaru aka buɗe tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Daga baya aka gina asibitin Galmi a 1950, sai wurin jinyar kutare na Danja a 1956. Da ƙasa ta sami 'yancin kai, masu bi 'yan ƙasa suka kafa ikilisiyarsu ta EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. Katolika kuma sun mai da Maraɗi mazaunin bishop a 2001. Duk da wannan dogon tarihi, Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai a Nijar. Wanda zai je ƙauye ya san da haka tun daga gida: in ya sami gida uku ko huɗu suna taruwa ran Lahadi, ya gode wa Allah.

Da me mai bishara zai fara in ya sauka?

Da ƙofar maigari. Ya je da wani dattijo, a gaisa, a tambayi gajiya da iyali da ruwa, sannan ya faɗi gaskiya: ni Kirista ne, ina neman wurin zama da gona, kuma wanda ya tambaye ni abin da na gaskata zan gaya masa. Kada ya ɓoye. Wanda ya shigo da sunan malamin lafiya ko ɗan kasuwa, daga baya aka gano manufarsa, ya zubar da amanar da ba za ta dawo da sauƙi ba. Limamin gari ma a je a gaishe shi, a ce masa Malam, a ba shi girmansa.

Bayan haka sai zama. Mutanen karkara ba sa auna baƙo da daɗin bakinsa. Suna kallon ko ya fito gayya da hauyarsa, ko ya zo gaisuwar mutuwa, ko matarsa tana zuwa suna da biki, ko yana biyan bashin da ya ci. Damina biyu ko uku za su wuce kafin a daina ce masa baƙo. A ganina wannan ne aikin da ya fi kowane wahala, shi ne kuma ikilisiyoyin birni suka fi gaggawa a kansa, don suna son jin adadin waɗanda aka yi wa baftisma kafin shekara ta zagayo.

Sai an gina majami'a tukuna?

A'a. Rumfar kara ko zauren wani mai bi ya isa. In jama'a ta yi yawa, su buga tubalinsu da rani, su ɗora da hannunsu. Ginin siminti da kwano da aka kawo daga waje kafin a sami mutane yakan jawo zargi, masu bi kuma ba sa jin nasu ne.

Ba laifi a raba hatsi da magani don jawo mutane?

Akwai laifi babba, in don jawowa aka yi. Ƙasarmu ta san yunwa: ta 1973, ta 1984, ta 2005. Duk shekara ma, daga lokacin shuka zuwa fitowar sabon gero, rumbuna da yawa a bushe suke. Mai bin Almasihu ba zai ga maƙwabcinsa da yunwa ya kau da kai ba. Amma ranar da tiyar hatsi ta zama sai ga wanda ya zo sujada, an ci mutuncin mai yunwa, an kuma tabbatar da zargin masu cewa Kiristoci da abinci suke sayen mutane. A raba a fili, gaban maigari, bisa ga buƙata, Musulmi da Kirista layi ɗaya.

Abin da ya faru da itatuwa a nan Maraɗi ya isa darasi. Tun 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, ya riƙa nuna wa manoma su bar tohon kututturan da ke gonakinsu, su sassabe su bar rassa kaɗan masu ƙarfi, abin da ake kira sassabin zamani. A yunwar 1984 an haɗa wannan da rabon abinci, mutane suka karɓa. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka sami itacen girki da abincin dabbobi, iska ta rage binne musu shuka, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Gawo da kalgo da sabarar da ke gonaki yau daga waɗanda suka bar nasu suka yaɗu. Haka imani yake: wanda aka riƙe da buhu, da buhu yake tafiya.

Wa zai ciyar da fasto?

Gonarsa da farko, sannan baikon masu bi. A ƙauye baiko ba lallai ya zama kuɗi ba: dami na gero da kaka, tiyar wake, gyaɗa, kaza. A rubuta kowane abu a littafi, dattawa biyu su riƙe, a karanta wa jama'a. Ikilisiyar birni ta taimaka da kuɗin makarantar 'ya'yansa da na magani, amma kada ta mai da shi mai jiran albashi wanda in jika biyar ta makara sai ya tattara kayansa.

Me ya sa da rani majami'a takan koma ta mata da yara?

Cin rani. Da an gama girbi samari da magidanta sun nufi Katsina, Kano, Legas ko Agadas. Saboda haka zumuntar mata ce ke riƙe da ikilisiya wata biyar ko shida. Mai hikima zai mai da rani lokacin koyon karatu. Muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma ina amfaninsa ga uwar da ba ta iya haɗa baƙaƙe ba? Macen da ta iya karatu za ta karanta wa 'ya'yanta Zabura, ta duba takardar asibiti, ta riƙe lissafin adashi. Irin wannan aji a buɗe shi ga duk matan gari, a kuma gaya wa mazajensu tun farko da wane littafi ake koyarwa.

In mutum ya ba da gaskiya, danginsa suka juya masa baya fa?

Wannan ita ce tambayar da ke hana barci. Ana iya hana shi rabonsa na gandu, a ɗauke matarsa, a daina cin abinci da shi. Kada a gaggauta masa baftisma, kada kuma a gaggauta kwashe shi zuwa birni, sai in ransa na cikin haɗari. A koya masa ya ƙara ladabi ga iyayensa, ya riƙa gaishe su ko ba su amsa ba, ya taya su noma. Masu bi kuma su zama dangin da ya rasa: su ba shi iri, su ara masa gona, su zauna da shi in ba shi da lafiya. Yaron da bai balaga ba, ba a taɓa shi sai da yardar iyayensa.

Ba a jin tsoro?

Ana ji. An ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, an ƙona ɗaya a cikin Maraɗi a Yunin 2019. A yankin Madarunfa da Gidan Rumji kuma 'yan bindiga suna satar mutane da shanu ba tare da tambayar addinin kowa ba. Don haka kada a aika mutum shi kaɗai a manta da shi. A yi wa ikilisiya takardunta wajen hukuma, a san sarki da magajin gari, a riƙa ziyartar mai bishara da iyalinsa a kai a kai, har a tsakiyar damina lokacin da hanya ta lalace, sai an bi ta da amalanke.