Haɗa teburin aiki da kabad ɗin kayan kafinta a gida: tambayoyi da amsoshi

Mai son koyon aikin katako a gida yakan fara da sayen zarto da guduma, sai ya zo yanka ya ga ba shi da inda zai danne katakon. Ga tambayoyin da masu shirin kafa ɗan wurin aiki a zaure ko a gefen tsakar gida suka fi yi.

Teburin da ke gida bai isa ba? Sai an haɗa na musamman?

Bai isa ba. Teburin ɗaki an yi shi ne don a ɗora kaya, shi kuwa na kafinta an yi shi ne don ya riƙe katako gam yayin da kake yanka, ko huda, ko fere shi. Idan tebur yana rawa, rabin ƙarfinka a rawar yake tafiya, zarto ya kauce daga layi, cizil ya zame. Daga nan sabon shiga kan yanke hannu. Don haka abin nema shi ne nauyi da tsayuwa. Kyau ya biyo baya.

Wane katako zan saya?

A nan ne ya kamata mutum ya nutsu. Idan ka shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko makamanciyarta a garinku, za a nuna maka iri-iri. Obeche yana da araha da daɗin yanka, amma ba shi da nauyi, kuma guduma na saurin lotsa shi. Bar shi don durowa da kantoci. Madaci da loko suna da nauyi da ƙarko, ƙwaro bai cika damun loko ba, sai dai kuɗinsu da zafi. Afara da malaina suna tsaka-tsaki, kuma za su yi tebur mai kyau idan an yi shi da kauri. A ganina, gara ka yi ƙafafu da mai nauyin, ka yi sama da wanda aljihunka zai ɗauka.

Amma abin da ya fi sunan icen muhimmanci shi ne bushewarsa. Katakon da ake kawowa Arewa, mafi yawansa daga dazukan Kudu yake zuwa da ruwa a jikinsa. Ka haɗa tebur da shi a watan Agusta, hunturu na kamawa sai ka ga sama ta tsage, ƙafa ta murɗe. Katako ba ya wani raguwa ta tsawonsa, ta fāɗi yake tsukewa, shi ya sa haɗin da ya matse da damina yake sakin jiki da rani. Idan ka sayo, ka jera shi a inuwa, nesa da ƙasa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a kai. Ba shi makonni, ko ma watanni idan mai kauri ne. Kada ka shanya shi a rana. Waje zai bushe ya bar ciki, sai ya fashe. Wajen zaɓe kuma, ɗaga kowane guda ka leƙa shi daga baki zuwa baki kamar mai saitin bindiga. Wanda ya karkace, ajiye musu abinsu.

Yaya girmansa zai kasance?

Tsaya cak ka saki hannuwanka, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunka. Wannan shi ne tsayin teburinka, kuma ga yawancin mutane yakan faɗa tsakanin santimita 85 da 90. Fāɗi ƙafa 2 ya isa, domin hannunka ya kai ƙarshensa ba tare da ka kwanta a kai ba. Tsawo ƙafa 5 zuwa 6.

Ta yaya ake haɗa saman?

Hanya biyu ce. Ta farko, da katako mai inci 2 da 4. Yawanci ƙafa 12 ake sayar da shi, to guda 7 idan ka raba kowanne biyu ka sami 14 masu ƙafa 6. A kai su wurin masu inji a goge fuskokinsu, sannan a tsayar da su a kan gefe, a manne fuska da fuska da farin gam. Za ka sami sama mai kaurin kusan inci 4, wadda ko turmi ka daka a kanta ba za ta motsa ba. Kada ka manne duka a zama ɗaya, gam zai fara kamawa kafin ka daidaita su. Yi uku-uku ko huɗu-huɗu, ka matse, ka bari su kwana.

Ta biyu ta fi sauƙi: filawud mai kaurin milimita 18. Faifai ɗaya ƙafa 4 ne da 8. Ka tsaga shi ta tsawo, ka rage shi zuwa tsawon teburinka, ka manne rabin a kan rabin, ka ɗaure da sukuru daga ƙasa. Ba ya tsukewa kamar katako, amma ruwa abokin gabansa ne, kuma gefensa yana buƙatar a zagaye shi da siririn katako.

Ƙusa ba za ta riƙe ƙafafun ba?

Za ta riƙe na 'yan watanni. Turi da ja na kullum suna sassauta ƙusa, tebur ya koma yana lilo. Abin da ya fi shi ne a huda rami a jikin ƙafa, a sassaƙa harshe a bakin katakon da zai gitta, a shigar da shi da gam. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya yi amfani da ƙusa mai noti ta milimita 10 ko 12, wadda in katako ya tsuke da hunturu sai a ƙara ɗaure ta da sifana. A sa magitta sama da ƙasa, a shimfiɗa kanta a kan na ƙasan. Kayan da ka ɗora a nan ma ƙarin nauyi ne.

Bais, wato ƙarfen da ke matse katako a jikin tebur, dole ne?

Idan da hali, sa guda a gaba ta hagu, in kai mai aiki da dama ne, ka liƙa masa katako a muƙamuƙai don kada ƙarfe ya yi wa aikinka tabo. Idan babu, huda ramuka masu fāɗin milimita 19 ko 20 a jere a kan teburin, ka feƙe turaku da za su shiga ciki, katako ya riƙa tokarar su. Da turaku da 'yar tsinin katako da ake bugawa a tsakani, kafintoci sun daɗe suna aiki lafiya.

Kabad ɗin kaya fa, na bango ko na ƙasa?

Na bango, mai ƙofa biyu, mara zurfi. Zurfin santimita 20 zuwa 25 ya wadatar. Babbar durowa mai zurfi kaya take haɗiyewa, baki ya riƙa gogar baki, cizil ya dakushe tun ba a yi aiki da shi ba. Kafin ka yanka ko da falle ɗaya, baje duk kayanka a kan filawud, ka jera su yadda kake so, ka zagaye kowanne da fensir. Daga nan girman kabad zai fito da kansa, sai ka ƙara ɗan fili don abin da za ka saya nan gaba. Zarto da sukwaya (ma'aunin kusurwa) a rataye su a cikin ƙofa, masu nauyi a ƙasa, ƙusoshi da sukuru a 'yan ƙananan durowoyi. Tun da ƙofofin za su ɗauki kaya, sa hinji uku a kowace, kuma a kafe kabad ɗin a bulo mai ƙarfi, ba a filasta kawai ba.

Ƙofa ba ado ba ce. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, danshin damina kuma ya sa tsatsa. Ɗan shafa mai a ƙarafa kafin a rufe yana maganin wannan. Kuma a gidan da akwai yara, kwaɗo wajibi ne.

Gara mai cin katako fa?

Kada ƙafar tebur ta taka ƙasa tsurarta. A yi daɓen siminti, ko a ɗora kowace ƙafa a kan tayil ko guntun ƙarfe. A shafa maganin katako irin Solignum a ƙafafu da ƙarƙashi, a waje inda iska ke kaɗawa, a bari ya sha sosai. Wasu suna shafa baƙin mai, amma yana ɓata kaya da hannu, gam kuma ba ya kama wurin da ya taɓa. Saman kuwa kada a yi masa fenti ko banish mai sheƙi, domin santsi zai sa katako ya riƙa zamewa. A bar shi haka nan, idan ya yi tabo da yawa a sake goge shi.