Waiwaye: Yadda 'Yan Firamare Suka Zama Masu Tattara Tarihin Garuruwansu

A ƙasashe da dama yau za ka tarar da makarantar firamare ta haɗa kai da dattawan unguwa, da gidan tarihi, da ɗakin karatu, da ƙungiyar iyaye, yara suna fita da littafi da biro suna tambayar yadda garinsu ya kafu. Wasu na ɗaukar abin sabon yayi ne, alhali ya daɗe. Wanda ya bi sawunsa zai ga cewa tattara labari bai taɓa gagarar yara ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai riƙe abin da suka tattara bayan sun bar makarantar.

Tun ƙarni na 19 makarantun Jamus ke koyar da darasin da suke kira Heimatkunde, inda yaro ke fara sanin rafin garinsu da tsaunukansa da sana'o'in mutanensa kafin a kai shi ga taswirar duniya. A Amurka ma masanin ilimi John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Chicago a 1896, ya dage cewa bai kamata a raba aji da rayuwar da ke wajen katanga ba. Sai dai a wancan lokacin malami ne mai ilimin, gari kuma abin kallo ne kawai. Ba a kai ga ɗaukar tsohuwar da ke zaune a ƙofar gida a matsayin malama ba tukuna.

Ƙasar Ireland ce ta yi wannan yunƙuri da gaske. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar tattara al'adun baka ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga. Ma'aikatanta 'yan ƙalilan ne, tsofaffin da suka san labaran kuma suna ta mutuwa, harshen Irish na ja da baya a gaban Turanci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka hukumar ta nemi ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malaman firamare su shigo. Daga 1937 zuwa 1939 yara fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 suka duƙufa.

Tsarin da aka bi ya cancanci a tsaya a kansa. An raba wa malamai ɗan littafin jagora mai ɗauke da batutuwa: magungunan gargajiya, alamomin yanayi, wasannin yara, karin magana, sunayen gonaki, labarin babbar yunwar da ta afka wa ƙasar a shekarun 1840. Malami ya ba da batu, yaro ya koma gida ya zauna gaban kakarsa ko maƙwabcinsu, ya rubuta abin da ya ji a littafin aikinsa. Idan ya dawo aji, sai a kwafe a babban littafin da hukumar ta aiko, a rubuta sunan wanda ya ba da labarin da inda yake zaune, sau da yawa har da shekarunsa. Ba a ƙara wa yara wani sabon darasi ba, lokacin insha'i aka ba wa aikin. Sakamakon ya kai shafi kusan 740,000, kuma duk aka kwashe aka kai Dublin aka adana.

A ganina wannan kwashewar ce ta ceci aikin. Makarantar firamare ba wurin ajiya ba ce. Malamin da ya ɗauki abin da zafi ana iya yi masa canjin wurin aiki, yaran su gama su tafi, ruwan sama ya shiga ofishin hedimasta. Takardun Ireland sun tsira ne domin akwai wata cibiya da ta karɓi amanarsu. Yau suna Jami'ar University College Dublin, an ɗora su a shafin intanet na Dúchas, inda 'yan sa-kai ke karanta rubutun hannun yaran suna bugawa. Mutum na iya neman sunan ƙauyensu ya ci karo da abin da kakan kakansa ya faɗa wa wata yarinya 'yar shekara 12. A 2017 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya tarin hukumar Ireland ɗin a kundinta na muhimman takardun duniya.

Birtaniya ta gwada irin wannan a 1986, shekara 900 bayan kundin ƙidayar ƙasa na Domesday da aka rubuta a 1086. BBC ta yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane yanki kilomita 4 a kan 3, makarantu dubbai suka ɗauki yankunansu suka aiko da hotuna da bayanin rayuwar yau da kullum. Mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka sa hannu, akasarinsu yara. Aka zuba komai a faifan laser guda biyu da ba sa karantuwa sai da wata kwamfuta ta musamman mai tsada, wadda makarantu kaɗan ne suka iya saye. Kafin shekara 20 na'urorin sun kusa ƙarewa, faifan ya zama kamar akwatin da makullinsa ya ɓace, alhali kundin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan ana karanta shi. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka tashi a 2002 suka ceto bayanan, BBC kuma ta sake fito da su a intanet a 2011. Abin da ke da ciwo a nan shi ne yawancin yaran da suka yi wahalar ba su ga aikinsu ba sai da suka manyanta.

Daga baya hankali ya karkata ga gine-gine da wurare. A birnin Napoli na Italiya, wata gidauniya mai suna Napoli Novantanove ta fara shiri a 1992 inda makaranta ke ɗaukar wani tsohon gini ta riƙe shi tamkar nata, yara su binciki tarihinsa, su riƙa zagayawa da baƙi suna yi musu bayani. Shirin ya bazu zuwa wasu biranen. UNESCO ta ƙaddamar da nata shirin ilimantar da matasa kan wuraren tarihi a 1994. A Ingila kuma an fara shirin Heritage Schools a 2012 da kuɗin ma'aikatar ilimi, ana horar da malamai su yi amfani da abin da ke kewaye da makarantarsu.

Babban sauyin tunani ya zo ne da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan gadon al'adu da ba a taɓa shi da hannu: harshe, waƙa, sana'a, ilimin tsirrai. Ta ce al'umma ce ke tantance abin da yake gadonta, kuma dole a sa ta cikin aikin kare shi. Wannan ya yi daidai da kukan da marubuci Amadou Hampâté Bâ na Mali ya yi a zauren UNESCO tun 1960, lokacin da ya kwatanta mutuwar tsoho da ƙonewar ɗakin karatu. A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka maganar ta fi nauyi, domin makarantar boko ta daɗe tana koya wa yaro sarakunan wasu ƙasashe ba ta tambayi abin da kakarsa ta sani ba.

Da wannan sauyi sai sabbin tambayoyi suka taso, waɗanda ba a cika yi ba a 1937. Dattijon da ya ba da labari, ya yarda a ɗora muryarsa a intanet? Idan zuri'a biyu suka saɓa kan wanda ya fara zama a wuri, wace ruwaya za a rubuta? Ni dai ina ganin a rubuta duka biyun, kowace da sunan mai ita, domin a nan yaro ke koyon cewa tarihi ana auna shi ne. Akwai kuma tsaron yaran kansu, shi ya sa yanzu ake son malami ko wani babba ya raka su, ko a gayyato dattijon cikin aji. Kamfani ko attajirin da ya ba da kuɗin bugu shi ma yana iya son a tsallake wani babi da bai yi masa daɗi ba.

Saboda haka shirye-shiryen da ke ɗorewa a yau sukan fara da rubutacciyar yarjejeniya kafin yaro ɗaya ya fita: ɗakin karatu ko gidan tarihin da zai karɓi asalin takardun, kwafin da za a buga a takarda ko da an naɗi murya a waya, da kwafin da za a mayar wa kowane gidan da aka shiga aka yi tambaya.