Sakin mota a firi a gangaren Mambila ba ya rage shan mai

Direbobi da yawa, in sun baro Gembu, garin da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, suka kama gangaren Mayo Selbe, sai su jefa mota a firi, wato su cire ta daga giya, wai tsimin mai. Abin yana tayar mini da hankali. Motar zamani, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta kan yanke mai gaba ɗaya. A firi kuwa dole injin ya yi ta sha don kada ya mutu. Sannan nauyin motar duka ya koma kan birki. Duk kwanar da aka sha, birkin yana ƙara ɗaukar zafi, ƙauri ya tashi, man birki ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse. Sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar, fasinjoji su sha kallon hazo da shanu a kan tuddai.