Injiniyancin Ƙwayoyin Sinadarai: Yadda Ake Tsara Abu Tun Daga Kan Atam

Mene ne injiniyancin ƙwayoyin sinadarai?

Duk abin da ido yake gani, tun daga ruwa da ƙarfe har zuwa jikin ɗan'adam, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam, kuma idan atam biyu ko fiye suka ɗauru da juna bisa wani tsari sai su zama ƙwayar sinadari, wato molekul. Halin kowane abu, taurinsa ko laushinsa, narkewarsa a ruwa ko ƙin narkewarsa, ya dogara ne ga irin atam ɗin da ke cikinsa da kuma yadda aka jera su. Daimon da girafayit, wato baƙin sinadarin da ke cikin fensir, duka kabon ne tsantsa, amma ɗaya yana yanka gilashi, ɗayan kuwa yana gogewa a kan takarda, domin a daimon kowane atam ya riƙe wasu huɗu ta kowane ɓangare, a fensir kuwa sun shimfiɗu ne faifai a kan faifai, suna zamewa a kan juna.

Aikin injiniya a wannan fage shi ne ya fara daga buƙata, ya koma baya zuwa tsarin da zai biya ta. Idan ana neman magani mai saurin aiki ko zare mai tare harsashi, sai ya tambayi kansa wane jerin atam ne zai ba da wannan hali, ya tsara shi, ya haɗa shi, ya gwada, sannan ya gyara. Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Faɗin zaren DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, kimanin nanomita 2 ne, alhali kaurin silin gashi ɗaya yana kai wa nanomita 80,000 ko fiye.

Ashe wannan ba shi ne ilimin kemistiri da aka saba da shi ba?

Iyakar da ke tsakaninsu ba ta da kauri, kuma yawancin masu wannan aiki da kemistiri suka fara. Bambancin yana ga alƙibla: masanin kemistiri yakan so ya fahimci sinadari da halayensa, shi kuwa injiniya ba ya ganin ya gama sai abin da ya tsara ya yi aiki a hannun jama'a, an iya ƙera shi da yawa, kuma da kuɗin da za a iya biya.

Yaushe aka fara wannan tunani?

Arthur von Hippel, malami a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, shi ne ya yi kira a 1956 da a daina dogaro da kayan da aka tarar a duniya kawai, a riƙa gina su daga atam bisa buƙata. A watan Disamban 1959 masanin fiziks Richard Feynman ya gabatar da lacca a Kalifoniya inda ya nuna cewa babu wata doka ta halitta da ta hana a ɗauki atam ɗaya a ajiye shi inda ake so. Sai dai a lokacin babu na'urar da za ta ɗauki atam ɗaya ta ajiye shi inda ake so. Hanyar yin hakan ta buɗe ne a 1981, lokacin da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Zurik suka ƙera madubin bincike mai tsinin allura wanda yake bin fuskar abu yana auna tudu da kwarin atam ɗinsa. A 1989 Don Eigler ya yi amfani da irin wannan na'ura ya jera atam 35 na iskar zenon, ya rubuta sunan kamfanin da su.

Ko akwai misalin da zai nuna yadda ake yin aikin?

Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne na insulin, maganin da masu ciwon suga suke yi wa kansu allura da shi. Insulin furotin ne mai amino asid 51, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, a jere cikin sarƙa biyu. Matsalarsa ita ce a cikin kwalba ƙwayoyinsa sukan taru shida-shida su dunƙule, kuma ba sa shiga jini yadda ya kamata sai dunƙulen ya warware a ƙarƙashin fata. Shi ya sa mara lafiya yake yin allurar kimanin rabin sa'a kafin ya ci abinci, kuma duk wanda ya san yadda lokacin abinci yake gocewa a gidajenmu ya san wannan ba ƙaramin takura ba ne.

Masu bincike a kamfanin Eli Lilly sun gano cewa ƙarshen sarƙa ta biyu ne yake sa ƙwayoyin su manne da juna. Ba su ƙara kome ba, ba su cire kome ba. Amino asid na 28 da na 29 kawai suka yi wa musayar wuri, sai mannewar ta yi rauni, ƙwayoyin suka riƙa rabuwa da wuri, amma aikinsu na sauke suga bai canja ba. An amince da wannan magani, insulin lispro, a 1996, kuma ana iya yin allurarsa minti 15 kafin cin abinci. Yawancin nasarorin wannan fage haka suke: gyara ne ɗan kaɗan a wurin da ya dace, bayan doguwar fahimtar abin da kowane ɓangare yake yi.

Shin ya shafi cututtukan da suka fi damun mu a nan?

Ya shafe su ƙwarai. Sinadarin atemisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace daga wani tsiro na dangin tazargade a ƙasar Sin a 1972, yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da sauri, amma ba ya narkewa sosai a ruwa ko a mai. Da aka sauya wani gefe na ƙwayarsa sai aka sami atemita, wanda yake cikin ƙwayoyin maganin zazzaɓi da ake sha yau da kullum, aka kuma sami atesunet mai narkewa a ruwa, wanda ake ba mai zazzaɓi mai tsanani ta jijiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a kan kwinin.

Ciwon sikila kuwa, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi, asalinsa amino asid ɗaya ne tak da ya sauya a matsayi na 6 na ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Wannan sauyi yake sa furotin ɗin ya harhaɗe ya zama dogayen sanduna idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda yake amfani da fasahar CRISPR ta yanka DNA a daidai wurin da aka zaɓa domin a gyara shi. Ana ɗebo ƙwayoyin da suke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara wani wuri a DNA ɗinsu domin su koma samar da irin himogulobin na jarirai wanda ba ya harhaɗewa, sannan a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da jinya mai wahala a asibiti. Bisa ma'aunin da aka ambata a baya, na cewa sai abu ya isa hannun jama'a, wannan aiki da saura.

Ban da magani fa?

Zaren Kevlar da ake saƙa rigar sulke da shi, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, ƙarfinsa ya fito ne daga dogayen ƙwayoyi miƙaƙƙu da suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Batirin litiyam na wayar salula da siririyar fatar da ake tace ruwan teku da ita duk 'ya'yan wannan tunani ne. Lambar yabo ta Nobel ta kemistiri ta 2025 ta tafi ga Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi saboda wasu sinadarai masu ramuka da ake ginawa da ƙarfe da ƙwayoyin kabon, inda mai tsarawa yake zaɓar girman ramin gwargwadon abin da yake so ya kama. Yaghi ya gwada wasu daga cikinsu a hamadar Amurka, suka tsotsi laima daga iska da dare, suka sake ta a matsayin ruwa da zafin rana ya taɓa su.

Gaskiya ne ana ƙera injuna masu girman ƙwayar sinadari?

Gaskiya ne, amma kada a kai zancen inda bai kai ba. Ben Feringa na ƙasar Holan ya ƙera ƙwayar da take juyawa ta fuska ɗaya idan haske ya taɓa ta a 1999, kuma shi da Jean-Pierre Sauvage da Fraser Stoddart suka sami Nobel a 2016. Har yanzu mafi yawan waɗannan injuna a ɗakin gwaji suke, kuma labarin ƙananan mutum-mutumi masu yawo a jini suna gyara jiki bai tabbata ba.

Wane haɗari ke tattare da shi?

Babban haɗarin shi ne a tsara abu ya cika buƙatar da aka sa a gaba, a manta da inda zai ƙare bayan an gama amfani da shi. Sinadaran CFC da aka fara sa wa a firiji a wajen 1930 ba su da guba, ba sa kama wuta, ba sa lalacewa, wato sun cika duk sharuɗɗan da aka gindaya. Rashin lalacewar nan ne ya ba su damar hawa sararin sama, inda hasken rana yake fasa su, sinadarin kulorin ya fita ya riƙa cinye shimfiɗar ozon da take kare mu daga haske mai cutarwa. Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi a 1974, ƙasashen duniya kuma ba su sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal ta daina ƙera su ba sai a 1987.

Ɗalibin da yake sha'awar fagen, ta ina zai shiga?

Jami'ar Shikago ta buɗe cibiya ta musamman domin wannan fanni a 2011, amma ƙofar da aka fi shiga ta ita ce kemistiri, fiziks, ilimin harhaɗa magunguna ko injiniyancin sinadarai, waɗanda ake koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya. Lissafi da sarrafa kwamfuta sun zama dole, domin yanzu a kwamfuta ake fara gwada dubban tsare-tsare kafin a haɗa kaɗan daga cikinsu a ɗakin gwaji. Manhajar AlphaFold, wadda Demis Hassabis da John Jumper suka sami rabin Nobel na 2024 saboda ita, tana hasashen siffar furotin daga jerin amino asid ɗinsa, kuma an zuba siffofi fiye da miliyan 200 a intanet, kyauta ga duk mai son dubawa.