Dokar New York mai lamba 97: yadda hayaƙin gini ya koma tara a wuyan jami'o'i

Duk wanda ya taɓa ratsa jami'a da daddare ya san abin da nake nufi, ajin lakca babu ko mutum ɗaya amma fitilu reras a kunne, esi na ta huci, kwamfutoci ba wanda ya kashe. Kuma dalilin a fili yake, wanda ya bar su a kunne ba shi ke biyan bil ba. To a birnin New York na Amurka akwai dokar da ta sa wa irin wannan sakacin farashi, su suna ce mata Local Law 97, majalisar birnin ce ta zartar da ita a 2019 lokacin Bill de Blasio na magajin gari.

Ba don jami'o'i aka yi ta ba fa, doka ce ta manyan gine-gine gaba ɗaya, saboda a birnin kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga gine-gine yake fitowa, ba daga motoci ba kamar yadda mutum zai zata. Duk ginin da faɗinsa ya haura murabba'in ƙafa 25,000, wato kusan murabba'in mita 2,300, ya shiga ciki. Sannan idan gini biyu ko fiye suna kan fili ɗaya a rajistar haraji kuma jimillarsu ta wuce 50,000, su ma sun shiga. Ka ga ko jami'a mai laburare da hostal da ɗakunan gwaje-gwaje ai ba ta da mafaka, manyan masu zaman kansu irin su Columbia da Jami'ar New York (NYU) duk abin ya shafe su.

Mutane da yawa suna ɗauka wani ma'aikaci ne zai hau rufi ya auna hayaƙi. A'a, lissafi ne kawai ake yi daga abin da ginin ya sha a shekara, lantarki nawa, gas nawa, mai nawa, tururin dumama nawa, kowanne doka ta ba shi nasa ma'aunin. Misali daga 2024 zuwa 2029 idan gini ya sha kilowat-awa miliyan ɗaya na lantarki, ana rubuta masa kusan tan 289 na hayaƙin kabon. Sai a tara duka a gwada da iyakar da aka yanka masa, wadda ta danganta da girmansa da kuma aikin da ake yi a ciki. Ɗakin gwaje-gwaje iyakarsa ta kai kusan ninki uku na ofis, kuma gaskiya wannan adalci ne, don ba za ka haɗa inda ake ajiye sinadarai da inda ake buga takarda ba.

Idan ka wuce iyaka, kowane tan ɗaya dala 268 ne, kuma duk shekara, ba wai sau ɗaya ka biya ka huta ba. A ce hostal ya wuce da tan 500, dala 134,000 ke nan ta tafi, baɗi ma haka idan ba a gyara komai ba. Iyakar ta fara aiki a 2024, rahoton farko kuma aka sa masa 1 ga Mayun 2025, ana kai wa hukumar gine-ginen birnin, kuma dole injiniya ko mai zanen gini mai lasisi ya sa hannu. Wanda ya ƙi kai rahoto ana cin sa rabin dala a kan kowace murabba'in ƙafa a kowane wata, wanda ya shirga ƙarya a ciki kuwa tararsa na iya kai dala 500,000. Wato dai ɓoye kai ya fi tsada.

Amma ni a ganina inda gizo ke saƙar shi ne 2030. Iyakar yanzu da sauƙi, yawancin gine-gine sun tsallake ta, a 2030 ne za a matse sosai don burin shi ne a rage hayaƙin manyan gine-ginen da kashi 40 cikin 100 zuwa lokacin, sannan a ci gaba da matsewa har 2050. Kuma a daidai wannan lokacin ma'aunin lantarki zai sauka zuwa kusan rabi saboda ana sa ran wutar jihar New York za ta ƙara tsabta, shi kuwa gas yana nan inda yake. Ma'ana dokar tana tura ka ne a hankali ka bar tukunyar dumama mai cin gas ka koma famfon zafi mai aiki da lantarki, wanda yake kamar esi ne da aka juya, yana jawo ɗumi daga waje ya shigo da shi ɗaki. Jami'ar da duk gine-ginenta suke rataye a kan tsohon bututun tururi guda ɗaya, wannan aiki ba na hutun zango ɗaya ba ne, shekaru ne da miliyoyi.

Akwai wani abu da yake ba ni mamaki a nan. NYU tana da tashar kanta mai ƙona gas ta ba da wuta kuma a yi amfani da zafin da ya fito wajen dumama gine-gine, kuma lokacin guguwar Sandy a 2012 da kudancin Manhattan ya yi duhu, wannan tashar ce ta riƙe wuta a yawancin harabarta ta Washington Square. A lokacin kowa yabo yake. To yanzu irin wannan tashar, duk da ba ta ɓarna, gas ɗin dai take ƙonawa, kuma duk sanda wutar gari ta ƙara tsabta fifikonta raguwa yake a lissafin dokar. Abin alfahari jiya, ciwon kai gobe.

Kafin a kai ga manyan ayyukan akwai na kusa da hannu, kuma masu kula da gine-gine daga nan suke farawa. Canja ƙwayayen fitila zuwa LED, sa na'urar da ke kashe fitila idan ba motsi, daidaita esi da hita su bi jadawalin lakca maimakon su yi ta aiki har ranar hutu, sa wa kowane gini mitarsa don a san wane sashe ne ke shanye wutar. Shiga ɗakin gwajin sinadarai ka ga akwatin nan mai gilashi da ke zuƙe iska mai guba ya fitar waje, idan ɗalibi ya tafi ya bar gilashin a ɗage, iskar da aka kashe kuɗi aka sanyaya ko aka ɗumama ita yake ta kwasowa yana zubarwa dare da rana, guda ɗaya na iya cin makamashin gidaje kusan uku. Sauke gilashin daƙiƙa biyu ne. Haka firizar ajiye samfur, daga digiri 80 ƙasa da sifili a mayar da ita 70, wutar da take sha ta ragu sosai kuma samfura da yawa ba abin da ke samun su, sai dai shawo kan farfesan da ya shekara ashirin yana ajiya a 80 shi ne aikin.

Dokar ta bar ƙofofi kaɗan. Ana iya sayen takardar shaidar wuta mai tsabta a rage lissafi, amma ɓangaren lantarki kawai take gogewa, hayaƙin gas ɗin da ka ƙona a gininka yana nan a wuyanka. Wanda kuma ya nuna da gaske yake, yana da tsarin gyara a rubuce kuma aiki ya kankama, ana iya sassauta masa tara. Masu suka suna cewa ƙofar takardun nan ta yi faɗi, mai kuɗi zai saya ya ƙi gyara gininsa, kuma ban ga laifin maganarsu ba. Masu gine-gine su kuma kukansu kuɗin gyaran ne, jami'a kuma ko ta biya tara ko ta yi gyara daga asusu ɗaya kuɗin zai fito, wanda ake biyan malamai da tallafin ɗalibai daga cikinsa.